Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Magana A Kan Ƙwayoyin Silika Masu Ƙyalli

Duk wanda ya leƙa allon sanarwa na sashen kimiyyar harhaɗa sinadarai a jami'o'inmu cikin 'yan shekarun nan, ya karanta sunayen ayyukan binciken da ɗalibai ke gabatarwa kafin a ba su digiri, ba zai rasa cin karo da wata 'yar kalma ba, watau "nano". Wannan ya ce ya haɗa ƙwayoyin nano da ruwan ganyen zogale, wancan ya ce nasa daga ɓuntun shinkafa ya samo su, kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Wannan abin farin ciki ne, domin yana nuna samarinmu da 'yan matanmu ba su yarda a bar su a baya ba. To amma akwai wata magana da ya kamata mu gaya wa junanmu tun da sauran rana, kuma zan kafa ta a kan misali guda, watau ƙwayoyin silika masu ƙyalli waɗanda masana ke haska abin da ke cikin jikin mai rai da su. Maganar kuwa ita ce, haɗa waɗannan ƙwayoyi abu ne mai sauƙi, amma auna su da tabbatar da abin da aka haɗa, a nan gizo ke saƙar. A nan muke da rauni, kuma nan ya kamata kuɗin gwamnati da ƙwazon ɗalibai su dosa.

Mece Ce Ƙwayar Silika Mai Ƙyalli?

Bari mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Silika haɗi ce ta sinadarin silikon da iskar oksijin. Ita ce mafi yawan abin da ke cikin yashin rafi, kuma da ita ake yin gilashi da kwalba. Nanomita kuwa ma'auni ne na tsawo. In ka ɗauki milimita guda, watau 'yar tsagar nan mafi ƙanƙanta a jikin rula, ka raba ta gida miliyan, to kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kamar nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuwa faɗinta kamar nanomita 7,000 ne. Ƙwayoyin da muke zance a kansu sukan kama daga nanomita 100 su yi ƙasa har zuwa 6 ko 7. Watau 'yan mitsi-mitsin duwatsun gilashi ne, mulmulallu, waɗanda aka kulle rini a cikinsu.

Rinin nan kuwa ya sha bamban da na tufafi. Wanda ya taɓa ganin ma'aikacin banki ya sa takardar kuɗi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske don ya gane ta jabu, ya ga waɗansu alamomi da ba a gani da rana sun ɗauki haske, to ya ga irin ƙyallin da muke nufi. Akwai sinadaran da in an haska su da wani launin haske sukan shanye shi, su mayar da wani launi dabam nan take. George Stokes na Jami'ar Kambirij ne ya yi cikakken bayanin wannan al'amari a 1852, kuma ruwan kwinin, maganin zazzaɓin nan da kakanninmu suka sani, yana cikin abubuwan da ya yi gwaji da su. A 1871 Adolf von Baeyer na Jamus ya haɗa wani rini mai koren ƙyalli da ake kira fuloresin. A 1941 kuma Albert Coons a Amurka ya nuna ana iya ɗaura rini mai ƙyalli a jikin sinadarin garkuwar jiki, irin wanda ba ya kama kome sai abin da aka yi shi dominsa. Ta haka in an zuba shi a kan ɗan yankin nama, aka duba da madubin likita, sai abin da ake nema ya yi haske, sauran wuri ya zauna duhu.

Sai dai wannan dabara tana da cikas. Kowane marini a Ƙofar Mata ya san rana ita ce abokiyar gabar rini. Haka abin yake a ƙarƙashin madubin likita, har ma ya fi muni, domin fitilar madubin takan koɗar da rinin cikin 'yan mintoci, wani lokaci ma cikin daƙiƙoƙi, tun mai dubawa bai gama gani ba. Ga shi kuma hasken ƙwayar rini guda ba shi da ƙarfi. A 1998 masana suka nuna ana iya amfani da waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ba su koɗewa da wuri, waɗanda masu gano su suka sami kyautar Nobel a 2023, amma na farkon an yi su ne da ƙarfen kadmiyom, shi kuwa guba ne. Dalilin da ya sa hankali ya koma kan silika ke nan. Haske yana ratsa ta kamar yadda yake ratsa gilashi. Tana kare rini daga ruwa da iskar oksijin masu lalata shi. Ƙwaya guda tana iya ɗaukar ƙwayoyin rini da dama, saboda haka haskenta ya fi ƙarfi. Bugu da ƙari, bayanta yana karɓar duk abin da aka so a maƙala masa, kamar sinadarin da zai ja ta zuwa wurin ciwo.

Yadda Ake Haɗa Ta

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga aikin Werner Stöber da abokan aikinsa biyu, Arthur Fink da Ernst Bohn, wanda aka buga a 1968. Ana samun wani ruwan sinadari mai ɗauke da silikon, wanda ake taƙaita sunansa da TEOS, a zuba shi cikin etanol da ɗan ruwa da amoniya, a yi ta motsawa. Ruwan yana warware sinadarin, amoniya tana hanzarta aikin, sai ɓarɓashin ya riƙa harhaɗuwa yana mulmuluwa. Bayan 'yan sa'o'i ruwan da yake garai-garai sai ya yi fari kamar tsinkakken nono. Yawan amoniya da na ruwa da zafin wuri su ke ƙayyade girman ƙwayoyin.

In aka zuba rini haka kawai cikin wannan haɗi, zai shiga, amma zai riƙa tsiyayewa daga baya. A 1992 masana biyu a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, van Blaaderen da Vrij, suka warware wannan matsala. Suka fara ɗaura rinin a jikin wani sinadari mai hannu biyu, hannu ɗaya yana riƙe da rini, ɗayan yana shiga cikin ginin silika, ta yadda rinin zai zama wani ɓangare na ginin. Sa'an nan suka lulluɓe wannan ciki da ɓawon silika zalla, kamar ƙwai da ɓawonsa.

Mai karatu zai lura cewa ba a ambaci wata tanda mai tsananin zafi ko wata na'ura ta miliyoyin kuɗi ba. Kwalbar gwaji, da abin motsawa, da injin juyi mai kwantar da laka, da sinadarai huɗu ko biyar, shi ke nan. Ɗalibin shekarar ƙarshe mai natsuwa zai iya yin wannan cikin yini biyu, ya sa kwalbarsa ƙarƙashin fitila ta yi kore shar. Wannan sauƙi shi ne tarkon.

Shekara 46

Mu dubi waɗanda suka fi kowa nisa a wannan fage. A 2005 ƙungiyar Farfesa Ulrich Wiesner ta Jami'ar Cornell a Amurka ta ba da labarin ƙwayoyin silika masu girman kamar nanomita 30, waɗanda haskensu ya ninka na rinin da ke cikinsu kamar sau 20. Aka yi musu laƙabi da ɗigon Cornell. Da a ce ƙyalli kaɗai ake nema, da aiki ya ƙare a nan. Amma akwai maganar ƙoda. Ƙodar mutum rariya ce mai ƙananan idanu, ba ta tace ƙwayar da ta kai nanomita 10 da sauƙi. Wadda ta fi haka girma hanta da saifa ne ke kama ta, ta daɗe a jiki. Saboda haka sai da suka yi shekaru suna rage girman har ya sauko nanomita 6 zuwa 7, suka shafe bayan ƙwayar da wani sinadari mai hana ta manne wa abubuwan da ke cikin jini, suka maƙala mata wani ɗan sinadari mai kama ƙwayoyin ciwon daji, suka gwada a jikin dabbobi.

A farkon 2011 aka ba da sanarwar cewa Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a gwada su a jikin mutum, tare da likitocin cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering a New York, ƙarƙashin Dokta Michelle Bradbury. Cutar da aka zaɓa ita ce melanoma, wata muguwar sankarar fata, wadda a jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa. Mutum nawa aka gwada? Biyar. Kuma ba magani aka ba su ba, abin da ake son sani kawai shi ne ina ƙwayoyin ke zuwa, yaushe suke fita, kuma ko suna cutarwa. A 2014 aka buga sakamakon: masu jinyar ba su sami wata illa ba, ƙwayoyin kuma sun fita ta fitsari. A 2021 aka buga wani gwajin na mutum 24, inda ƙwayoyin suka haska wa likitan fiɗa kaluluwar da cutar kan fara yaɗuwa zuwa gare ta, don ya san wadda zai cire.

Daga 1968 zuwa 2014 shekara 46 ke nan. Haɗawar ta kwana biyu ce, sauran shekarun duk sun tafi ne wajen awo, da gyara, da sake awo.

Kwalba Mai Ƙyalli Ba Hujja Ba Ce

To, 'yan'uwa ɗalibai, a ce wani daga cikinmu ya kawo kwalbarsa gaban malamai tana ƙyalli. Me ya tabbatar? Bai tabbatar da kome ba tukuna, domin rinin da ke yawo cikin ruwa shi ma yana ƙyalli ko babu silika ko kaɗan. Akwai tambayoyin da dole ya amsa. Mene ne girman ƙwayoyin, kuma duk girmansu ɗaya ne ko kuwa gauraye suke, manya da ƙanana? Rinin a ɗaure yake ko yana tsiyayewa bayan an wanke sau uku? In an zuba su cikin ruwa mai gishiri irin na jini, suna nan a warwatse ko sun cure wuri guda? In an haska su tare da rinin da ba a kulle ba, wanne ya riga koɗewa, kuma da minti nawa? An cika rini har ƙwayoyinsa suna dushe hasken junansu? Suna kashe ƙwayoyin halittar da aka zuba su a kai? Sa'an nan babbar tambaya, in an sake haɗawa mako mai zuwa, abu ɗaya za a samu?

Ido ba zai amsa waɗannan ba. Madubin likita na yau da kullum ma ba zai amsa ta farko ba, domin ba ya iya rarrabe abin da bai kai kamar nanomita 200 ba. Ƙwaya mai nanomita 7 da mai nanomita 30 duk ɗaya suke a wurinsa, alhali kuwa ɗaya ƙoda za ta fitar da ita, ɗayar hanta za ta riƙe. Ana bukatar madubi mai aiki da ilektiron, da na'urar auna girma da hasken leza, da na'urar auna ƙarfin ƙyalli, da ɗakin rainon ƙwayoyin halitta. Waɗannan kuwa suna bukatar wutar lantarki marar yankewa, da ɗaki mai sanyi marar ƙura, da kayan gyara, da ƙwararren ma'aikaci wanda ya san halin na'urar kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa. Inda babu waɗannan, ɗalibi ba shi da zaɓi sai ya aika da samfurinsa wani gari ko wata ƙasa, ya biya da kuɗin aljihunsa, a aiko masa da hoto guda, ya liƙa cikin kundinsa. Hoto guda kuwa na kwalba guda ba ya zama ilmi. Kundin ya hau kanta, wanda ya biyo baya ya sake farawa daga farko.

Maganganu Biyu Da Akan Ji

Akwai masu cewa ƙasar da ba ta gama da kwalara da zazzaɓin cizon sauro ba, ina ruwanta da ƙwayoyin nano? Wannan magana tana da nauyi, amma masu yin ta sun manta abu guda. 'Yar tsinken nan ta gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a ƙananan asibitoci, jan layin da ke fitowa a jikinta yawanci taron 'yan ƙwayoyin zinariya ne masu girman nanomita 'yan gomomi, waɗanda aka ɗaura wa sinadarin garkuwar jiki. Watau fasahar ta riga ta iso ƙauyukanmu tuntuni, sai dai yawancinta saye muke yi daga waje. Haka kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa duba kakin masu tarin fuka da madubin ƙyalli mai ƙaramar fitila marar cin wuta, saboda ya fi tsohuwar hanya gano ƙwayar cutar. A 2004 kuwa ƙungiyar Weihong Tan ta Jami'ar Florida ta nuna cewa da ƙwayoyin silika masu rini ana iya gano ƙwayar cuta guda ɗaya tak, ta wani mugun nau'in E. coli, cikin niƙaƙƙen nama, a minti 20. Duk ƙasar da ke fama da gurɓataccen ruwa da abinci ta san darajar irin wannan gwaji.

Akwai kuma masu cewa ai mu ne masu arzikin wannan sana'a, tun da ga yashi ko'ina, ga ɓuntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kura da Birnin Kebbi. Gaskiya ne tokar ɓuntun shinkafa mafi yawanta silika ce, kuma in an ƙona shi da wutar da ba ta wuce kamar digiri 700 ba, aka narkar da tokar cikin ruwan soda, ana iya fitar da silika mai kyau. Wannan bincike ne da ya cancanci a yi. Amma kada mu ruɗi kanmu. Silikar da ake bukata don gwaje-gwaje dubbai ba ta cika cokali ba. Abin da ke da tsada shi ne tsabtar sinadarai, da rini, da sinadarin garkuwar jiki, da sanin yadda za a sa ƙwayoyi su fito girma ɗaya a kowane haɗi. Ta hanyar toka kuwa wannan daidaito ya fi wuyar samu fiye da ta hanyar Stöber. Saboda haka mai bin ta ya fi kowa bukatar ma'auni. Mun daɗe muna alfahari da ɗanyen kaya, gyaɗa da auduga da fata, wasu suna cin ribar sarrafa su. Kada mu ƙara da alfahari da toka.

Inda Ya Kamata Mu Dosa

A ganina, wanda ke son ya yi aiki mai amfani a wannan fage a ƙasarmu, ya fara da gwajin da ake yi a wajen jiki: ɗigon jini, da kaki, da ruwan rijiya, da nono, da nama. A nan in an yi kuskure gilashi ne ya ɓaci, ba mutum ba. Maganar ɗura ƙwayoyi cikin jijiya kuwa a jinkirta ta. Silikar da ake haɗawa a kwalba ba ta kai ƙurar dutsen da ke lalata huhun masu fasa dutse haɗari ba, amma hakan bai wanke kowace ƙwaya ba, domin girmanta da abin da aka shafa mata da yawan da aka bayar duk suna sauya halinta a jiki. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kamar 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa mutane da yawa suka riƙa ɗari-ɗari da allurar rigakafi daga baya. Duk masanin da ya yi gaggawar kai abin da bai auna ba jikin mutum, amanar jama'a yake wasa da ita, ita kuwa in ta zube ba ta kwasuwa duka.

Ga ɗalibai, shawarata ita ce a rage faɗin take, a ƙara zurfin aiki. Wanda ya haɗa ƙwayoyi sau biyar ta hanya ɗaya, ya auna kowane haɗi, ya rubuta gaskiyar abin da ya samu har da wanda ya lalace, ya fi wanda ya yi alkawarin maganin ciwon daji a shafin farko amfani. Ya ajiye kwalbar rini zalla da ta silika zalla kusa da tasa don kwatanci. Ya rubuta zafin ɗaki da sa'ar da ya zuba kowane abu, domin zafin watan Afirilu da sanyin hunturu ba za su ba shi girma ɗaya ba. Ya kuma nemi ɗalibin likitanci ko na ilmin ƙwayoyin cuta su yi aiki tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga hukumomin jami'a, babu dalilin da zai sa kowane sashe ya nemi nasa babban madubi. Cibiyar awo guda a shiyya, mai wutar kanta, mai buɗe ƙofa ga ɗalibin kowace jami'a a kan kuɗi kaɗan, ta fi na'urori goma a kulle cikin akwati. A kuma daraja ma'aikatan ɗakin gwaji, a tura su horo, a ba su matsayi da albashin da zai riƙe su, domin na'ura ba ta aiki da digirin wanda ya sa hannu aka saye ta.

Ku kuma samarin ma'aikata, waɗanda fayil zai biyo ta teburinku a ma'aikatar ilmi, ko asusun TETFund, ko hukumar NAFDAC, ko kwastan, kuna da hannu a wannan al'amari fiye da yadda kuke zato. In takardar neman kuɗin sayen na'ura ta zo, ku tambaya: wa zai sarrafa ta, ina wutarta, ina kuɗin gyaranta na shekara biyar, kuma su wa za a bari su yi amfani da ita? In kunshin sinadarai ya iso tasha da alamar a ajiye shi cikin sanyi, ku sani kwana uku a rana sun isa su mai da aikin shekara guda ruwa. In kuma wani ya zo yana cewa ya gano abin mamaki na nano, ku karɓe shi da mutunci, sa'an nan ku ce ya nuna awonsa: nanomita nawa, an auna da me, sau nawa aka maimaita. Mai gaskiya zai yi murna da wannan tambaya, domin ita ce za ta raba shi da masu girin-girin.